Ƙwallayen Dabino Goma Sha Ɗaya

Ƙurban, Madina
Talata, 9 ga Zulƙida

Zuwa ga Gwaggona Kaltuma, a Haɗejia.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara baki ɗaya. Allah Ya sauƙaƙa miki wannan jinya da ta faɗo hannunki ke kaɗai, Ya saka miki ita a mizani, Ya tashi kafaɗun Kaka, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Duk Asabar in mun je Ƙuba ni da Umma, sunansa nake fara ambata kafin nawa.

Mu nan muna lafiya, alhamdu lillahi. Hawan jinin Umma ya ɗan sauka tun da aka canza mata magani a mustashfa, wato asibiti. Ƙanena Haisam ya sami aiki a wani masaukin baƙi a Anbariyya, yanzu ko ruwa ka ce ya miƙo maka da Hausa sai ya amsa da Larabci, wai shi ma'aikaci. Zafi ya fara shigowa, alhazai sun fara cika gari, dabino kuwa bai nuna ba tukuna. Baba ne dai ya rame, kuma dalilin ramarsa yana cikin abin da zan gaya miki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da kika sani da cika miki waya da saƙon murya da shirme. Sau uku ina ɗaukar wayar in kira ki, da na ji ta fara shiga sai in kashe. Bakin nan nawa da ba ya gajiya, ranar da nake bukatarsa sai ya ƙi ni. Shi ya sa na zauna na rubuta, ki yi haƙuri da rubutun 'yar allo. Malam Jumare, direban nan da ke ɗauko dabino daga Khaibar, zai tafi gida hutu jibi, ya ce zai bi ta Haɗejia ya ba ki hannu da hannu, tare da wani ɗan ƙulli. Don Allah ki fara karantawa ke kaɗai kafin Kaka ya ji.

Kin tuna akwatin nan na katako da ke kan kabad ɗin Kaka, wanda ake rufewa da koren ƙyalle? Kin yi aure kin tafi tun yana abin ajiya kawai, ba ki ga lokacin da ya fara aiki ba, don haka bari in faro miki daga tushe. Labarinsa na ji shi ya fi sau ɗari, ina iya kawo shi kamar hadda. Kaka ya gaje shi ne daga Shaihu Hibatullah, tsohon nan mutumin birnin Ƙazan na ƙasar Rasha mai ɗinkin littattafai a Anbariyya, wanda Kaka ya yi shekara ashirin yana aiki tare da shi, ya kuma rasu bai bar ɗa ba. Shi kuma Shaihun daga mahaifinsa ya gaje shi. Wai a ƙasar Rasha, zamanin da suke da sarki, kimanin shekara ɗari da sittin ke nan, sarkin ya yarda gundumomi su riƙa zaɓen majalisarsu da kansu. Sunan majalisar Zemstvo, Kaka kuwa Zamistibo yake cewa, ni kuma nakan ce masa sunan ya fi kama da maganin tari. Masu manyan gonaki su zaɓi nasu wakilai, masu dukiyar birni nasu, talakawan ƙauye nasu, duk bayan shekara uku. Masu gonakin ba su kai talakawa yawa ba, amma kujerunsu sun fi yawa, kuma gwamnan da sarki ya naɗa yana iya soke abin da aka yanke in bai yi masa ba. Babu ruwan majalisar da yaƙi ko sarauta. Nata shi ne hanya da gada, makaranta, ɗakin shan magani, rigakafin agana, da irin shuka in shekara ta ƙi. Kaka yakan ce aikin da manya ke rainawa ne aka bar musu, alhali shi ne aikin da ke raya mutum.

Mahaifin Shaihu Hibatullah manomi ne Musulmi, mutanen ƙauyukansu suka tura shi majalisar, ya zauna cikin mutanen da ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba. Abu ɗaya ya kai shi: a kawo wa ƙauyukansu ƙwararriyar ungozoma, domin matansu suna mutuwa wurin haihuwa, ba sa yarda likita namiji ya duba su. A irin wannan akwati ake yanke magana. Bakinsa ɗaya ne, kamar hannun riga, ka zura hannunka da ɗan ƙwallo a ciki, can ƙasa hanya ta rabu biyu. Dama tana zuba a farar durowa, wato na yarda. Hagu tana zuba a baƙar durowa, wato ban yarda ba. Babu mai ganin inda hannunka ya karkata. Sau biyu ana kayar da maganarsa, a na uku ta wuce da ƙwallo biyu tak. Bayan shekara tara sai mutanensa da kansu suka sauke shi suka tura wani. Nan ne wurin da Kaka ya fi so, in ya zo nan har gyara zama yake. Wai mutumin bai tambayi kowa dalili ba, da gari ya waye ya ɗaura wa dokinsa amalanke ya tafi ɗebo katakon da za a gina wa ungozomar ɗaki. Daga baya sarauta ta faɗi, sababbin masu mulki suka rushe majalisun, aka watso akwatin tsakar gida cikin ƙanƙara za a faskara shi a hura wuta. Shi ne ya tsince shi ya ɓoye, da ƙasar ta gagare shi zama ya ɗauko shi tare da iyalinsa har Madina.

Yadda ya shigo rayuwarmu kuwa, ta kan sufra ne. Kin san shimfiɗar buɗa-bakin nan da gidaje bakwai na unguwarmu suke yi a Harami duk Ramadan tun zamanin iyayen Kaka: dabino, gurasar shuraik, dakakken yajin nan dugga da ake dangwala gurasar a ciki, nono, da gahwa a babbar butar tagullan nan da muke kira dalla. Shekara ashirin da ɗaya da suka wuce aka yi wani saɓani a kan wa zai shugabanci aikin, sai Kaka ya sauko da akwatin ya ce ba zai ƙara riƙe dalla ba sai da yardar duk wanda hannunsa ke cikin hidimar, namiji ko mace. Ya ce a Rasha mace mai gona sai dai ta wakilta namiji ya jefa mata, amma a Ƙurban wadda ta tashi ta daka dugga ita za ta jefa nata. Maimakon ƙwallon katako aka wanke ƙwallayen dabino, aka zuba a jaka. Ya kafa sharaɗi biyu: duk shekara uku a tsakiyar Sha'aban za a sake, kuma har abada babu mai faɗa wa wani inda ya jefa. Sau bakwai ana yi, kullum sakamako ɗaya ne, duka a fara, guda ɗaya a baƙa. Kowa ya san gudan nan na Kaka ne, don shi a wurinsa abin kunya ne mutum ya zaɓi kansa. Sai a yi dariya, a sha shayi, a watse.

Gwaggo, kin san tsakanina da Kaka. Tun ina rarrafe yake ce mini amarya, ni kuma ina ce masa angona mai haƙori uku. Na sa masa gishiri a shayi, na ɓoye masa takalmi ƙafa ɗaya a firij, na taɓa shafa kwalli a bakin tabaransa ya tafi masallaci da zobe a ido. Bai taɓa fushi ba, sai dai ya ɗaga sanda ya ce zai mai da ni gidanmu ya auro mai hankali. Da Sha'aban ɗin bana ya zo, na yi mako guda ina shirya wadda za ta fi duk na baya.

Bayan la'asar aka taru a gidanmu, maza goma sha uku a majalisi, mata goma a ɗakin Umma. Maza suka fara jefawa, Haisam ya turo akwatin bakin labule, na ɗauka na kai wa mata, muka jefa. Ni ce mai mayar da shi. A ɗan lungun nan da ke tsakanin ɗakunan biyu na ɗora shi kan injin wanki, na ɗaga ƙyallen, na jawo durowoyin. A baƙar na ga guda uku, ba ɗaya ba. Da ina da hankali da a nan na tsaya na yi tunani, amma wallahi ko a jikina, sai ma na ji wasan ya ƙara armashi. Na damƙi cikin hannu daga farar na zuba a baƙar, na mayar, na rufe, na tura wa Haisam. Niyyata, da zarar Kaka ya zaro ido, in leƙo ta labule in ce angona, yau na sake ka a gaban shaidu, sannan in faɗi abin da na yi, a kwashe da dariya a sake ƙirga. Har yadda zan karya murya na gwada a madubi.

Malam Abdulrauf, aminin Kaka, shi ke ƙirga. Yana sakin su ɗaya bayan ɗaya a kan faranti, kana jin ƙararsu har ɗakin mata. Ya fara da farar. Da ya kai tara sai ƙarar ta tsaya. Ina kallo ta tsagar labule ya kifa durowar ya girgiza, ya leƙa cikinta, kamar wasu za su fito. Kaka ya ce masa ya ci gaba. Baƙar ta ba da goma sha huɗu. Kaka bai zaro ido ba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin mayafinsa, ya mayar, ya ɗan yi murmushi, ya ce alhamdu lillahi, shekara ashirin da ɗaya yana tsoron ko akwatin ya lalace ne, ashe lafiyarsa lau. Ya miƙe ba tare da sanda ba, ya ɗauko dalla daga kan kanta, ya ajiye ta gaban Baba. Ya ce duk wanda ya ɓata wa a tsawon shekarun nan ya yafe masa, kuma ya gode da aka yi haƙuri da shi har haka. Wani ya buɗe baki zai yi magana, Kaka ya ɗaga hannu, ya ce sharaɗi yana nan, kada ya ji kowa ya faɗi inda ya jefa.

Kin ga inda na yi wauta? Da na juye duka ashirin da ukun a baƙa, da kowa ya san ƙarya ce, don kowa ya san abin da hannunsa ya yi. Amma na bar tara. Sai kowane mutum ya ɗauka shi yana cikin taran nan, maƙwabcinsa ne ya ci amana, kuma babu damar tambaya. Ni kuwa hannuna yana kan labule, maganar da na yi mako ina gwadawa tana bakina, amma fuskar Kaka ba irin wadda na shirya wa ba ce. Na ce bari mutane su ragu. Da suka ragu na ce bari ya huta. Da ya shiga ɗaki na ce gobe da safe.

Da safe na kai masa gahwa da niyyar in durƙusa in faɗa. Ya karɓa da hannu biyu kamar baƙo, ya ce sannu Sundus. Gwaggo, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ran nan. Kafin in ce komai ya dube ni, ya ce kada in damu, shi ko bai tambaya ba ya san ni kam ina cikin taran. Ki gaya mini ta ina zan fara bayan wannan? Na ɗauki farantin na fito, na shiga kicin na kunna famfo don kada Umma ta ji ni.

Sauran kin san shi ta ɓangarenki. Kwana goma bayan haka ya ce yana son ya ga 'yarsa da garin mahaifinsa kafin ƙafa ta ƙi. Mutumin da shekara arba'in ko Jidda ba ya yarda ya kwana biyu, don tsoron kada ajali ya riske shi a wajen Madina. Ya tafi Harami shi kaɗai ya yi sallama, ya ƙi a raka shi. Ya raba allurai da zaren ɗinkinsa, akwatin kuwa ya mayar kan kabad ya rufe. A filin jirgi na tsaya kusa da shi har aka kira su, ina cewa yanzu, yanzu, har ya shige. Na riƙa yaudarar kaina cewa wata ɗaya zai yi ya dawo, in ya huce sai in faɗa masa muna dariya.

Abin da ba ki sani ba shi ne yadda Ramadan ya kasance a nan. Baba ya riƙe sufra, bai rage komai ba, amma babu wanda ya ci da daɗi. Gidaje bakwai da suke kamar gida ɗaya, kowa ya kawo nasa ya ajiye ya koma gefe. Maƙwabciyarmu Uwa Raudatu ta daina amsa gaisuwar Umma yadda ta saba, ta ce ita ba ta san da wa take zaune ba. Aka fara raɗe-raɗi wai Baba ne ya bi gida gida ya haɗa kan mutane don ya karɓe dalla daga hannun ubansa. Har gaban shagonsa aka yi masa habaici, bai tanka ba. Akwai wani dattijo Baturke da yake zuwa Umra duk shekara, kullum a kusurwar Kaka yake zama, ba sa jin harshen juna amma sai su yi ta hira da hannu. Ranar farko ya zo ya dudduba, ya nuna wurin, ya ɗaga hannu sama yana tambaya ko ya rasu ne. Haisam ya ce Baba ya cika masa finjali kawai. Duk wannan ina gani, ina ji, ina azumi, kuma na yi shiru. Ba ni da wani uzuri da zan kawo miki. Tsoro ne, kuma kullum aka ƙara kwana sai ya ƙara girma.

Saƙon muryarki na ranar Alhamis ne ya karya ni. Baba ya kunna shi a tsakar gida ina yanka albasa. Na ji kin ce Kaka ya daina tashi sai an ɗaga shi, abinci sai cokali biyu, kuma ya sa maigidanki ya kwatanta masa inda kakanninsa suke kwance, ya ce a ajiye shi a nan, tun da mutanen Madina sun sallame shi cikin ladabi bai kamata ya koma ya takura musu ko da gawa ba. Mutumin da tun muna yara yake nuna mana katangar maƙabartar Baƙi'a yana cewa ga gidansa na gaskiya, nan Ƙurban haya yake. Wuƙar ta faɗi daga hannuna ban sani ba.

Ranar Juma'a da Baba ya dawo daga masallaci na same shi a majalisi na faɗa masa komai, tun daga injin wanki. Na so ya mare ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi dalla, sannan ya tambaye ni guda nawa na tarar a baƙar kafin in taɓa. Na ce uku. Sai ya rufe fuska da hannu. Ya ce ɗaya nasa ne. Wai tun bara ya ga Kaka yana hawa matakala da hannu da gwiwa in ya ɗauka babu mai ganinsa, kuma ya san in dai da baki ne ba zai taɓa yarda ya huta ba, shi ne ya jefa hagu don tsohon ya ga guda biyu ya fara tunani. Da aka ƙirga goma sha huɗu sai ya ɗauka hannunsa yana cikin waɗanda suka kori ubansa daga Madina, shi ya sa ko da ake zaginsa bai kare kansa ba. Kusan wata uku yana ɗauke da wannan, ni ina zuba masa abinci.

Washegari bayan la'asar ya tara gidajen bakwai. Na tsaya a bayan labulen nan dai, inda na yi niyyar tsayawa in ba da dariya, na maimaita da bakina. Uwa Raudatu ta ce mini abin da ba zan iya rubutawa ba, ta ƙare da cewa da za a yanka ni a duba, kan nan babu komai a ciki sai iska da haƙora, sannan ta fashe da kuka ta rungume Umma. Malam Abdulrauf ya share hawaye ya ce tun da yau ranar karya sharaɗi ce, na biyun nasa ne, kuma dalilinsa irin na Baba ne, ba su kuwa taɓa shawara da juna ba. Na ukun kowa ya san mai shi. Wasu suka ce a sauko da akwatin a sake jefawa yanzu yanzu. Malam Abdulrauf ya hana. Ya ce Zakiru, wato Kaka, ba zai karɓi ƙuri'ar tausayi ba, kuma babu bukata, domin akwati ya riga ya yi maganarsa tun Sha'aban, ashirin da uku ne suka jefa, ashirin suka ce ya zauna. Hannu ne ya shiga tsakani ya soke. Da na ji haka sai na tuna gwamnan nan na labarin, wanda duk Kaka ya zo kansa sai ya yi tsaki. Ashe gwamnan a gidansa take, ita ke kai masa gahwa.

To Gwaggo, ga abin da nake roƙo. Ki zaɓi safiya, lokacin da ya ɗan sha kunu hankalinsa yana tare da shi, ki karanta masa wannan takarda daga farko har ƙarshe. Kada ki gyara mini komai, kada ki ce yarinta ce, shekarata goma sha tara. Kada kuma ki ɓoye masa ukun nan. Na yi tunanin in ce duka fari ne, amma ƙaryar da na yi wa akwatin sau ɗaya ta isa, kuma shi zai gane. Baba da Malam Abdulrauf sun ce a faɗa masa sunansu da dalilinsu, in ya so ya yi musu faɗa da kansa, sun ma fi son haka. A cikin ƙullin da Malam Jumare zai ba ki akwai ƙwallayen dabino goma sha ɗaya daga jakar. Ba zan iya rantsewa su ne ainihin waɗanda na ɗiba ba, duk kamarsu ɗaya, amma adadin da na sace masa ke nan. Ki buɗe hannunsa na dama ki zuba masa, ya ƙirga da kansa, ya haɗa da taran da ya sani.

Ki kuma gaya masa Baba ya wanke dalla ya naɗe ta, ya ce tun daren Salla ba tasa ba ce, ajiya ce. In likita ya ce zai iya zaman jirgi, ko a kwance ne, ki kira Baba a ranar, ya riga ya yi magana da wanda zai tsare masa shago, zai zo ya ɗauko shi da kansa. Ba sai ya ɗaga ko finjali ba, ya zauna a kusurwarsa kawai ya riƙa yi mana faɗa. In ya ce shi ya riga ya yi sallama, ki tuna masa, daga bakina, cewa mutumin Ƙazan da yake ba mu labari, da aka sauke shi da gaske ma bai bar ƙauyensu ba, amalanke ya ɗaura. Kuma wanda ya tsinci akwatin nan daga cikin ƙanƙara ya ratso ƙasashe da shi yana kwance a Baƙi'a, ɗansa ma haka. Ban ga dalilin da zai sa na ukunsu ya kwanta a wani wuri saboda hannun wata sakarya ba.

In kuwa jikin ya wuce tafiya, na san ƙasar Allah duk ɗaya ce, kuma Haɗejia ƙasar iyayensa ce, ba zan ce komai ba. Wannan nauyin nawa ne, zan ɗauke shi iya rayuwata. Amma kada ya rufe ido yana zaton Madina ta gaji da shi. Wannan kaɗai nake gudu da takardar nan, shi ya sa nake roƙon kada ta kwana biyu a hannunki.

Ki gaishe mini da maigida da godiya bisa ɗawainiyar da yake yi. Ki gaishe da Fiddausi, ki ce mata turaren da ta ce in saya yana nan ban manta ba, sai wani zuwan. Ki shafa mini kan Sara. Umma tana gaishe ki ƙwarai, ta ce Allah Ya ba ki lada. Baba ya ce zai kira ki bayan takardar ta iso, ba kafin nan ba. Haisam yana gaisuwa, wannan karon da Hausa. Malam Abdulrauf ya ce a gaya wa abokinsa kujerarsa a ƙofar masallaci babu wanda ya zauna a kai. Uwa Raudatu ta ce a gaishe ki, ni kuwa har yanzu ba ta kalle ni ba, kuma tana da gaskiya.

Ke ma ki yafe mini, na jawo miki jinyar da ba ta kamata ta same ki haka ba. In kin gama karanta masa, ba sai kin tambaye shi ko ya yafe ba, na san zai ce ya yafe, ko wanda ya taka shi a hanya yana yafe wa. Ki dai saurara da kyau in ya ambace ni, ki gaya mini da wane suna ya kira ni.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalamu alaikum.

'Yarki,
Sundus Walid Zakiru